Ledojina a Tafkin Kawu

Ƙanen mahaifiyata shi ne sarkin ruwan ƙauyenmu, can bakin fadama tsakanin Gummi da Bukkuyum. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa, kuma ina yi masa addu'a kamar yadda ya kamata. Amma ban daina jin haushinsa ba. Ana cewa ba a fushi da mamaci. Ni dai nawa fushin bai huce ba, kuma na gaji da haɗiye shi.

A farkon shekarun dubu biyu ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare a Gummi, ina kuma karatun digiri na uku a jami'a. Bincikena a kan wasu ƙananan tsirrai ne masu yawo a cikin ruwa. Ido ba ya ganin guda ɗaya, sai an ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubin likita, amma in sun yi yawa su ne ke sa tafki ya yi kore. Ƙwarin ruwa su ci su, 'ya'yan kifi su ci ƙwarin, mu kuma mu ci kifin. Abin da nake son sani shi ne, iskar kabon da hayaƙin motoci da masana'antu ke ta ƙarawa a duniya, in ta yawaita ta shiga ruwa, wane iri cikin tsirran nan zai yi ƙarfi, wane iri zai ja baya. Don ba dukansu ne abinci ba. Akwai waɗanda ko ƙwaro ba ya kusantarsu, in suka mamaye ruwa sai ya yi wari, kifi ya taso sama ya mutu.

Kafin in kai ga tafkin Kawu, shekaru sun riga sun tafi a banza. Yajin aikin malamai ya ci wasu. Wasu kuma rashin wuta ya ci, don sau biyu ina rainon tsirran a kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, a ɗauke wuta kwana da kwanaki, in dawo in tarar da ruɓaɓɓen ruwa. Daga ƙarshe jami'a ta ba ni wa'adin ƙarshe: ko in miƙa kundina kafin shekarar karatun ta ƙare, ko a share sunana. Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai sanyin hali, shi ma a shekarar zai yi ritaya. Shi ya ce in bar kwalabe, in nemi ruwan Allah wanda ba ya buƙatar lantarki, in yi gwajin a cikinsa. Sharaɗi ɗaya ne, ya zama ruwan da ba a dama shi.

Nan take na tuna da gida. A wurinmu, da zarar damina ta wuce gulbi ya janye ya bar tafki shi kaɗai, sai sarkin ruwa ya rufe shi. Daga ranar ba mai jefa ƙugiya, ba mai saka homa, ko wanka ba a yi a ciki. Fulani suna shayar da shanu a gefe guda da aka ware musu, mata suna ɗiba a wani gefen, sauran kuwa a bar wa kifi ya yi girma. Haka zai zauna har bazara, sai ranar da sarkin ruwa ya duba ya ga lokaci ya yi, ya fasa shi, gari duka ya faɗa a yi su, wato kamun kifi na gayya. Wata da watanni na ruwan da ba mai taɓawa, kuma mabuɗin yana hannun kawuna. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na sayo manyan ledoji masu kauri a Sakkwato, kowace ta fi tsawon mutum. Na samo tukunyar gas cike da iskar kabon wurin masu cika tukwanen kashe gobara, da tiyo mai tsawo. Shirin shi ne a kafa sandunan gwangwala a wani lungu na tafkin, a rataya ledojin a tsaye bakinsu a sama, a cika su da ruwan tafkin kansa. Rabinsu in riƙa hura musu iskar, rabi in bar su yadda suke. Duk ƙarshen mako in ɗebi kaɗan a kwalba in duba. In zafi ya kai matuƙa, sai in tace ruwan kowace leda gaba ɗaya, in auna abin da ya taru, in ƙirga ire-irensa. Malamina ya ce wannan tatar ta ƙarshe ita ce digirin, sauran duk share fage ne.

Na tarar da Kawu a ƙofar gidansa yana ɗinkin homa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro, na yi masa bayani tun daga fari. Ban yi masa Turanci ba, ban kuma yi masa kwana-kwana ba. Na maimaita abu guda har na ji na fara zama mai naci.

Na ce, "Kawu, ledojin ga ba komi ba na. Ko sun yage ina iya sawo wasu. Ruwan da ac ciki shi na aikin. Kada a zubas, kada a ƙara, kada a taɓa."

Ya ɗago kai ya dube ni, allura a hannu. Ya ce, "Ruwan tabki?"

"Shi, Kawu."

Ya yi 'yar dariya ya ci gaba da ɗinkinsa. "Na ji, ɗana. Ruwa shi na aiki. Tahi ka kahwa abinka, kayanka na hannuna. In za ni hwasa tabki sai na aiko maka."

Na tashi ina murna. Dariyar nan na ɗauke ta dariyar dattijo ce da ya ji abin da bai saba ji ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk karatuna, shi ya sa tuna su ke ƙara ƙona mini rai. Duk ranar Asabar in hau babur daga Gummi, in sauka gidan Inna, mahaifiyata, in sha fura, in naɗe wando in shiga ruwa. Lokacin sanyi haƙorana har haɗuwa suke yi. Mata masu ɗibar ruwa suna tsokanata, wai duk karatun nan ashe kiwon ruwa aka koya mini, su ma a ba su takardar shaida tunda sun girme ni a sana'ar. Wani Bafulatani mai shayar da shanu ya taɓa tsayawa ya daɗe yana kallon kumfar da ke tashi daga tiyo, sannan ya tambaye ni ko maganin ciwon hanta nake dafa wa ruwan. Kuma gaskiya ba wanda ya taɓa mini komai. Maganar Kawu a kan tafkin nan ta fi ta alƙali.

Ranar Lahadi in koma makaranta, in buɗe ɗakin kimiyya, in jawo madubin likita bakin taga don babu wuta, in zauna ina ƙirga har wuyana ya ƙage. Tsawon lokacin sanyi ban ga bambanci ba. Ledojin da nake hura wa iska da waɗanda ban hura wa ba, duk kanwar ja ce. Na fara jin tsoro. Sai da zafi ya fara shigowa, wata Lahadi na leƙa na ga abin da nake jira. A ledojin iska wasu masu kama da zare sun fara yawa, masu kama da ƙwayar gero suna raguwa, a sauran kuwa ba haka ba. Na sake ɗigawa na sake dubawa. Na fita na zagaya filin makaranta ni kaɗai, na dawo na sake dubawa. Ko da ido ma, Asabar ɗin da ta biyo baya, koren ledojin iska ya fi duhu.

Na kai wa malamina labari. Ya yi murna ƙwarai, amma ya ce soma-taɓi ne, kada in yi gaggawa, in bari zafi ya kai ƙarshe sannan in tace. Ya kuma ce sashe ya sa mini ranar da zan tsaya gaban malamai in yi bayanin inda na kai, kuma ba a karɓar kundin wanda bai yi wannan tsayuwar ba.

Na je a ranar da suka sa. Aka ce ɗaya daga cikin manyan ya tafi ɗaurin aure, a dawo gobe. Gobe aka ce wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin taro bai zo ba. Jibi aka ce shugaban sashe yana wani zama. Haka suka yi ta yi mini gobe-gobe ina kwana a katifar wani abokina, Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Lokacin wayar hannu ba ta iso ƙauyenmu ba. Kullum da safe sai na je tasha wurin motocin Gummi da na Anka, in bi direbobi ina tambaya ko an ba su saƙo daga gidan sarkin ruwa. Babu. Sai in kwantar da hankalina, in ce Kawu ya yi alkawari. Ranar da suka ga dama suka zauna kuwa, ba wanda ya tambaye ni komai game da ruwa. Ɗaya ya ce gefen takarduna ya yi faɗi da yawa, wani ya ce in gyara yadda na jera sunayen littattafai, aka tashi. Har yau in na tuna fuskokinsu sai in ji ɗaci a bakina.

Washegari na shiga mota zuwa Gummi, daga can na ɗauki babur. Tun kafin in hango rumbunan ƙauyen na jiyo ƙaurin bandar kifi. Hayaƙi na tashi daga kowane gida. Mata na zaune a inuwa suna feɗe tarwaɗa da karfasa, ƙudaje ko'ina. An fasa tafki.

Ban tsaya gida ba, na wuce bakin ruwa. Abin da ya rage taɓo ne da sawun ƙafafu, da ɗan ruwa ja a tsakiya. A lungun da na kafa kayana babu leda, babu sanda, babu komai. Na tsaya na ce an tattake su cikin rububin su. Wallahi da hakan ne da na fi samun sauƙi. Mutum ɗari-ɗari in sun faɗa ruwa da homa da gora ba wanda ke ganin gabansa, sai in ce tsautsayi ne.

Inna na tsakar gida tana juya kifi a kan wayar banda. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon idona ba. Amma ran nan fuskarta a sake take. Ta ce, "Ka iso? Shiga ɗaki ka ga aikin kawunka."

Na ɗaga labule. Ga ledojina a kan gadonta, a wanke tas, an ninke su ɗaya kan ɗaya an ɗaure da igiya. Ga tukunyar gas an naɗe ta da tabarma. Ga tiyo an naɗe shi kamar igiyar guga. Hatta sandunan gwangwalar an kankare musu laka an jingine su a bango. Na kwance igiyar na warware leda ɗaya, ina fatan ko ɗigon kore ya maƙale a gindinta. Ƙamshin sabulu kawai take yi.

Na fito na ce, "Inna, ina ruwan?"

"Wane ruwa?"

"Ruwan da ac cikin ledojin."

"Sun tuttule shi mana. Wane irin ruwa, kore shar awa miyar kuka? Kawunka da kainai yas shiga, shi da ƙannenka, tun da sassahe. Gari duka na tsaye bakin tabki da homa, yac ce ba mai sa ƙahwa sai an hidda kayan ɗanai lahiya. Ɗaya-ɗaya sunka kwance su. Matanai sun wuni suna dirza, don ƙazantar ta kama."

Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ran nan. Ban yi ihu ba, amma kajin tsakar gida sun watse. Na ce na faɗa masa, da bakina na faɗa masa, ba sau ɗaya ba, cewa ledojin ba komai ba ne, ruwan shi ne aikin.

Ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta ce, "Ya hwaɗa min kac ce haka. Mu duka munka ce yaron ga na da kunya. Wa ka yabon kayanai? Mai rumbu cike in an tambaye shi, ba cewa yakai ɗan abin da ba a rasa ba? Kai ka sawo kaya tun daga Sakkwato, kuma ka ce ruwan tabki ya hi su, ruwan da jakkai ka sha?"

A nan na gane dariyar Kawu. Ya ji ni sarai, kalma ba ta ɓace masa ba. Sai dai a wurinmu mutumin kirki ba ya nuna darajar abinsa. Mai garke ya ce 'yan awakina, wanda ya gina soro ya ce 'yar bukkata. Da na ce ledojin ba komai ba ne, sai ya ji ɗan 'yar'uwarsa mai tarbiyya yana kawaici, ya ƙudura a ransa cewa su ne zai tsare mini. Da na yi ta maimaitawa, sai ya ƙara tabbata. Wannan ne ke cina har yau. Mutum ya buɗe baki ya faɗi gaskiya tsirararta, a yi masa fassarar da ta fi daɗin ji, don an riga an yanke cewa ruwan tafki ba zai taɓa zama abin kirki ba. Bai tambaye ni ba. Sau nawa yana ganina cikin ruwa ina ɗiba a kwalba ina lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai, bai taɓa cewa ɗana me kake yi da shi ba.

Na ce, "To saƙon hwa? Ya ce sai ya aiko."

"Ruwa na ja da sauri, kihi ya hwara tasowa, dole a hwasa. Yac ce ba a tada mai karatu gaban malamanai don aikin da ƙannenai ka iya yi."

Ban ga laifinsa ba a kan fasa tafkin. Hakkinsa ne, abincin gari ne, in ya ƙara jinkiri kifi zai mutu a banza. Direba ɗaya kawai nake buƙata. Da saƙo ya iso ni da yamma, da na bar musu ɗakin taronsu na kwana a hanya, na tace ruwana kafin a yi sallar asuba. Mutunci aka yi mini, aka hana ni sani. An yi mini gata har an kashe ni, garin gyaran gira an tsone ido.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Tafki sau ɗaya ake rufe shi a shekara, wa'adina kuwa zai cika kafin wata daminar ta wuce. Malamina ya duba ɗan abin da na tara, ya girgiza kai, ya ce alama ce amma ba hujja ba, ba mai sa hannu a kanta. Ya nema mini ƙarin lokaci aka hana. Ya yi ritaya, aka share sunana, na koma aji na ci gaba da zana ƙwayar halitta a allo har ni ma na ajiye alli. Duk wanda ya ji sai ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma yardar ba ta hana ni sanin hannun da ta biyo ba.

Duk wannan na riga na hango shi tun ina tsaye a tsakar gidan Inna. Ita kuwa abin da ke gabanta daban ne. Ta ce in wanke ƙafa in je in yi wa Kawu godiya.

Na ce ba inda za ni.

Ta juya mini baya ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ƙanena na. Ya tsai da gari duka cikin rana don kayanka, kowa ya gani. In ba ka tahi ba, ba kai za a zaga ba, ni za a ce ban yi tarbiyya ba."

Na zauna a bakin rijiya har aka kira la'asar. Na yi ta shirya maganganu a raina, masu zafi, waɗanda duk gaskiya ne. Na kuma san ba ɗaya da zan iya faɗa. Da uwa ta sa kunyarta a gaba, magana ta ƙare.

Bayan salla na tarar da shi a ƙofar gida, dattawa sun kewaye shi ana hirar su, wa ya kama giwan ruwa, wa ya faɗa rami. Da suka gan ni aka buɗa mini hanya. Na cire takalmi na durƙusa. Na gaishe shi.

Kawu ya washe baki. Ya ce, "Ka ishe kayanka?"

"Na ishe, Kawu."

"Ka ƙirga? In ce ko babu wadda ta yage?"

"Babu."

Ya juya wurin dattawan yana jinjina kai. "Kun ji ko? Ko huda babu. Da hannuna nik kwance su." Suka yi ta sa masa albarka, wani ya ce ɗan 'yar'uwa ai ɗa ne, wani ya ce samun kawu irin wannan sai an tona. Sannan suka zuba mini ido suna jirana.

Na ce, "Na gode, Kawu. Allah shi saka da alheri. Allah shi bar zumunci."

Suka amsa da amin. Ya sa aka fito mini da babbar tarwaɗa da ya ware tun ranar su, ya ce rabona ne. Na karɓa da hannu biyu. Har na yunƙura zan tashi ya ɗan tsayar da ni, ya rage murya irin ta mai jin nauyin roƙo.

Ya ce, "Ɗana, ledojin ga na da kauri ƙwarai. Damina na tahe, rumbuna guda na yoyo. In aikin naka ya ƙare, a ba ni biyu in ruhe shi."

Na ce, "Ya ƙare, Kawu. A aiko a kwashe duka."